Launin Ƙwayar Dawa

Boɗinga,
ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wagga takarda kin riga kin sauka Zariya lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki. Na cusa ta cikin akwatinki ba ki sani ba. In na ce zan faɗa miki da baki, kunya za ta tsare ni, ke ma ta tsare ki, mu rabu ba a ce komai ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Abin da ya faru jiya a zauren Baffanki ne ya sa na ɗauki biro. Kin je sallama, ya dube ki gaban mutane ya ce, "Yanzu duk karatun nan ba a samu na likita ba, sai na ciyawa? Ciyawa ga ta nan bayan gida, mi za a tahi Zariya nema?" Aka yi dariya. Ban ce komai ba, domin yayana ne kuma a zaurensa muke. Dariyar ba ta dame ni ba. Sunkuyar da kai da kika yi ne ya tsaya mini a rai. Na san likita kika so, jami'a ta ba ki ilmin tsirrai. To ki saurara. Ni ubanki na san wani yanki na wannan ilmi, na kuma ɓata shi da hannuna sau huɗu. Zan faɗa miki duka, ba don ki ji tausayina ba.

Kina rarrafe aka ɗauke ni aikin malamin gona. A daminar farko aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Indiya mai binciken itatuwa da ciyayi, muna ce masa Dokta, don in riƙa yi masa tafinta. Gajere ne, ba ya cin nama, ba ya hawa mota in ƙafa za ta kai shi. Mukan tsinko tsiro mu shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, mu danne da katako biyu har ya bushe, kowanne da 'yar takardarsa mai bayanin inda aka same shi da kamanninsa. Kamannin nan da Latin ake rubuta su. Za ki haɗu da shi tun makon farko. Yare ne da ba a ciniki da shi a kowace kasuwa yau, amma masana tsirrai na duniya sun yarda su siffanta tsiro da shi, don na Sakkwato da na Indiya su fahimci juna.

Ran da muka fara aiki Dokta ya tambaye ni, "Fari nawa ka sani?"

Na ce, "Fari ai ɗaya ne."

Ya girgiza kai. Ya ce *albus* fari ne kawai. *Candidus* fari ne tas mai sheƙi. *Lacteus* farin madara. *Albidus* kuwa wanda ya so ya yi fari bai kai ba. Ya nuna mini gawo a bakin hanya ya ce in dubi rassansa, shi ya sa akwai *albida* cikin sunansa. Ya tsinko ganyen tumfafiya, kore ne amma kamar an barbaɗa masa toka, ya ce wannan *glaucus*. Shekara ashirin da 'yan kai ina wuce gawo da tumfafiya, sai ranar na gan su.

Kuskurena na farko lalaci ne. Mun wuni a gonakin Sifawa muna tara tsirrai, Dokta ya ce in cika takardun nan take. Rana ta yi zafi, na ce a raina ai gobe ma rana ce. Sai bayan kwana huɗu na zauna a ofis na buɗe jaridun, na riƙa rubuta abin da idona ya gani, ina sauri. A cikinsu akwai ƙuduji, ciyawar nan da ke kashe gero. Kin san furenta, ja-ja ne mai haske, abin da Latin ke kira *roseus*. Amma ƙuduji in ya bushe baƙi yake komawa. Ni da na tashi ina cire shi a gonar babana, na rubuta *niger*, wato baƙi. Dokta ya karanta ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "A garinku furen ƙuduji baƙi ne?"

Na ce, "A'a."

"To wa ya rubuta wannan?"

Bai yi faɗa ba. Ya ce in hau keke in koma Sifawa in dubo. Na ce ai na sani, ba sai na je ba. Ya ce da ma na sani lokacin da na rubuta ƙarya. Na je, na dawo da gumi, na sake takardun duka.

Don haka, Uwani, abin da kika gani ki rubuta shi a tsaye, a inda yake, kafin ki sha ruwa. Kada ki dogara da cewa za ki tuna. Kuma in malami ya mayar da ke ki sake aiki, ki sake, ko da 'yan ajinku na dariya.

Na biyu ya fi wannan muni, domin girman kai ne, kuma uwata na yi wa, kakarki wadda kika ci sunanta. Bayan girbi na same ta a tsakar gida kan tabarma tana zaɓen irin dawa, ta kasa zangarniyoyi kashi uku. Abokaina biyu na tare da ni, ina son su ji ni. Na ce, "Inna, wahala kike. Duk waɗannan a ilmi *ruber* ne, ja ke nan."

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ta ɗaga ta farko ta ce, "Wagga janta irin na goro na, tudu take so, ba ta daɗewa ta nuna." Ta ɗaga ta biyu. "Wagga janta irin na tsatsa na. Sai hwadama, sai ruwa ya kai ƙarshe, in ba haka ba kara za ka girba." Ta ukun ta ce ba don tuwo ake shuka ta ba, da karanta ake yin rini. Ta faɗi sunan kowace. Na yi dariya na ce wannan ilmin tsofaffi ne. Ta ci gaba da aikinta.

Daga baya na gane Latin ɗin ma yana da kalma ga kowane jan da ta nuna. Jan tsatsa *ferrugineus* ne. Laifin ba na yaren ba ne, ba nata ba ne. Ni ne na san kalma ɗaya tak na ɗauke ta na doki uwata da ita. Ta rasu ban rubuta sunayen nan ba. Ɗaya na tuna, biyu sun tafi tare da ita, na tambayi tsofaffi har Shagari ba wanda ya ba ni su yadda ta faɗa.

Za ki dawo hutu da manyan kalmomi a baki. Ki riƙe su, naki ne, kin sha wuya kafin ki same su. Amma in tsohuwa ta ce miki wannan ganye kaza ne, ki durƙusa ki rubuta nata a gefen naku. Kada ki yarda wani malami ya sa ki raina Hausarki, kada kuma wani ɗan gari ya sa ki raina Latin ɗinki. In an ce miki yaren masu coci ne, ki ce launin fure kike faɗa da shi, kuma Wanda ya halicci launin bai hana a lura da shi ba.

Na uku shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan cikakke ba, har Innarki.

Zamanin farar hula ne, kina makarantar kwana. Kuɗi na yawo, manyan motoci na sauke taki da iri kamar ba za su ƙare ba. Aka ce an kawo mana sabuwar dawa mai saurin nuna, wadda ta dace da ƙasarmu mai gajeren ruwa. Wani ɗan kwangila, babba a jam'iyya, shi ya kawo buhunan. Aikina in duba in sa hannu cewa abin da ke cikin buhu shi ne abin da ke kan takarda. Takardar masu bincike ta ce ƙwayar *lacteus* ce, fara kamar madara. Na kwance buhu na tarar an turbuɗe irin da jan maganin ƙwari, ba a ganin launinsa. Na ɗebi tafi ɗaya na zuba a kwano na wanke. Da ruwan ya tafi, abin da ya rage a hannuna ja ne irin na tsatsa. Na wanke daga buhu na biyu, na biyar, na goma. Duk ɗaya. Maganar uwata ta faɗo mini: sai fadama, sai ruwa ya kai ƙarshe.

Na ɗauki kwanon na shiga wurin shugaban ofishinmu. Ba zan kira sunansa ba, yana da 'ya'ya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba irin da aka rubuta ba ne. Wannan mai jinkiri ce."

Ya leƙa kwanon ya ce, "Malam Usman, dawa dawa ce. Launi za a ci?"

Na ce, "Launin ne ke faɗa mana wace ce."

Ya rufe ƙofa. Ya ce mai kwangilar ba sa'ana ba ne, ba sa'ansa ba ne. Ya ce akwai gurbi a wani ƙauye can bakin iyaka, an daɗe ana neman wanda za a tura, babu asibiti, babu hanyar mota in damina ta sauka. Lokacin Innarki na ɗauke da cikin autanmu, ƙafafunta sun kumbura, kin tuna. Ya tura mini takardar. Na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini yatsu. Da birona na rubuta *lacteus*, alhali tsatsar na manne a tafina.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Ni aka tura Lambara in raba irin. Akwai wani dattijo can, Malam Garba, manomi na gaske, ya yarda da ni tun wata shekara da na taimake shi kan cutar albasa. Ya juya ƙwayar a hannunsa ya ce, "Malam Usman, kai ka duba ta da idonka?"

Na ce, "Na duba."

Kin ga ban yi ƙarya ba a lafazi. Wannan amsa ita ce mafi ƙazanta da na taɓa bayarwa. Ya ajiye irinsa na gado, ya shuka nawa a gonarsa duka, wasu suka bi shi saboda shi.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Maƙwabtansa da suka shuka janjare, dawarsu ta gida, sun sami ɗan abin da suka samu. Dawar Malam Garba ta yi tsawo, ta yi kore shar, ta fi ta kowa kyau daga nesa, ba ta fid da kai ba har ƙasa ta bushe. Ya sayar da shanun nomansa. 'Ya'yansa maza biyu suka tafi kudu cin rani, ɗaya har yau bai dawo ba. Wata safiya ina zaune a ofis sai ga shi da kara guda, ya fi ƙofa tsawo, sai da ya karkata shi ya shigo. Ya ajiye mini a kan tebur.

Ya ce, "Ga dawad da kab ba mu. Mi as sunanta da yarenku na boko? In sani, in hwaɗa ma iyalina abin da za su ci."

Ban iya ɗaga ido ba. Ya jira kaɗan, ya fita.

Uwani, kada ki ce ai tilasta mini aka yi. Ni ma na faɗa wa kaina haka wata da watanni. An tsorata ni, gaskiya ne. Amma tsakanin tsoro da sa hannu akwai wuri, a wurin nan mutum yake. Wata rana za a tura miki takarda a ce ki sa hannu kan abin da idonki ya ƙaryata. Mai turo ta ba zai yi kama da mugu ba. Zai yi miki magana a hankali, ya ambaci iyayenki, ya ce kowa haka yake yi. Ki ajiye biron. In aikin ne zai tafi, ya tafi. Gidan ubanki na nan, tuwo ba zai gagare mu ba.

Da shekara ta kewayo, ɗan kwangilar nan ya sake kawo buhuna, an sake turbuɗe su da jan magani. Wannan karon a Shagari aka sauke su, manoma sun taru bakin sito, wakilin hakimi na zaune, shugabanmu na tsaye. Na ce a ba ni kwano da ruwa. Na wanke irin a gaban kowa, na bi layi ina nuna wa kowane manomi tafina. Na karanta musu abin da takarda ta ce, na fassara: fara kamar madara. Na ce su duba da kansu. Sannan na ɗora takardar a kan buhu na rubuta *ferrugineus*, na ƙara da Hausa a ƙasa, ja irin na tsatsa, mai jinkiri, ba ta dace da tudu ba. Na sa hannu.

Shugabanmu ya matso ya ce a hankali, "Ka san abin da kake yi?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Bara ma na sani."

Ba wanda ya ɗauki ko mudu ɗaya. Motar ta koma da kayanta.

Ba a yi mini komai nan take ba. Aka daina gaishe ni a ofis, aka karɓe babur ɗin aiki. Da soja suka karɓi mulki na yi murna, na ce yanzu za a bincika. Abin da ya zo shi ne rage ma'aikata. Aka ce kowane shugaba ya miƙa sunayen waɗanda ba a bukata. Sunana ne na farko. Shi shugabanmu yana nan kan kujerarsa har gobe. Baffanki ya ce taurin kai ya kore ni, ya ce da na yi shiru da yanzu ina da albashi a wannan marra da ake bin layi a sayi sabulu. Na ji shi. Amma in an dawo da ranar nan sau goma, sau goma zan nemi kwano da ruwa. Nadamata ɗaya, ban nema ba tun shekarar farko.

Ga na huɗu, kuma ke na yi wa shi. Bayan an sallame ni na zauna a zaure wata uku ba na zuwa ko'ina. Kin dawo hutu kina shirin jarrabawa. Wata rana kika zo da littafinki kina tambayata ma'anar wata kalma a sunan dawa, *bicolor*. Da na ce miki mai launi biyu, da an wuce wurin. Maimakon haka na ture littafin na ce, "Rabu da ni da karatun banza. Ga inda ya kai ni." Kika tsince shi daga ƙasa kika fita. Ba ki sake tambayata komai ba tun ranar.

Jiya da kika sunkuyar da kai a zauren Baffanki, na san ba maganarsa kaɗai kike ji ba. Tawa kike ji. To na janye ta. Baƙin ciki ne ya yi magana, ba ni ba, kuma duk da haka bakina ne, ki yafe mini. Karatun bai kai ni ƙasa ba. Shi ne ya nuna mini gaskiya a cikin kwano sau biyu. Sau ɗaya na juya masa baya, sau ɗaya na bi shi. Wanda na juya baya ne ya cuci mutane.

Lokaci ya yi tsanani, ba zan ɓoye miki ba. Za ki ga masu digiri suna yawo ba aiki. Za a ce miki mace da ilmin ciyawa ina za ta. Kada ki tsaya gardama da kowa, kada kuma ki sunkuya. Ki dubi mai maganar ki gaishe shi da ladabi, ki wuce ajinki. Mutanen da ke dariyar nan duk abin da suke ci daga tsiro ya fito, kuma shekara biyu ke nan rumbunansu ba su cika ba. Ƙasar da ruwanta ke raguwa tana bukatar wanda ya san wace dawa ce wace. Ki kula da sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko ba daɗi. Ki zaɓi ƙawa mai tashi da wuri. In kin rasa gane abu ki tambaya a aji da murya, ba wanda ya taɓa mutuwa don an yi masa dariya.

Saura abu ɗaya. Watan jiya, bayan na gama dashen albasa a fadama, na hau keke na tafi Lambara. Tun ranar karan nan ban taka garin ba. Na sami Malam Garba a ƙofar gida yana gyaran igiya, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na faɗa masa komai, har wankin farko da na yi ni kaɗai, har abin da na sani lokacin da na ce masa na duba. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Ya ce, "Na san ka sani. Tun randa kak kasa dubana na gane."

Na roƙe shi gafara. Ya ce don Allah ya yafe, amma ba zai ƙara karɓar iri daga hannuna ba har ya mutu. Na ce ya yi daidai. Da na tashi tafiya ya tambaye ni iyali, na ce masa kina shirin tafiya jami'a karatun tsirrai. Ya ajiye igiyar.

Ya ce, "Irin naka karatun?"

Na ce, "Ya fi nawa nesa."

Ya ce, "To in ta dawo hutu ka kawo ta. An ba ni wani gero daga can arewa da mu, ban yarda da shi ba. Ita za ta duba min. Ba kai ba."

Na ce masa za ki zo. Na yi alkawari da bakinki ban tambaye ki ba, don haka ki yi karatu da kyau. Akwai dattijon da ke jiran ki kafin ya yi shuka.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki. Ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, ya buɗa miki ƙirji, ya ba ki malamai masu tsoronsa. Ya sa ki fi ubanki ilmi, ki fi shi tsayuwa. Ya dawo mana da ke lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Usman